Ina ake koyon walda a ƙarƙashin ruwa, kuma ta ina ake farawa?

Mai Walda Dakata:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Shekarata 24, kuma shekara bakwai ke nan ina walda a Kano. Da get da tagogi na fara a wajen maigidana, yanzu har tankin ruwa da bodin tirela ina haɗawa. Ina da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Kwanakin baya na ga bidiyon wani yana walda a cikin teku, wuta na tashi, kumfa na fita ta ko'ina, tun ranar abin bai bar raina ba. An ce abin da suke samu a wata ya fi namu na shekara. A ina ake koyo? Akwai makaranta a Najeriya ko sai an fita waje? Iyo kuwa na iya kaɗan, irin na kududdufi da muka yi muna yara.

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Muna da mutum biyu a nan da suka san harkar, ɗaya a cikin ruwan, ɗaya a bakinsa. Ɗan Ruwa da Kawu Injiniya, bismillah.

Ɗan Ruwa:
Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Yanzu na sauko daga aiki na ga saƙon. Bari in fara gyara maka abu ɗaya, don shi ne yake sa yara da yawa asarar kuɗi. Babu kamfanin da zai ɗauke ka a matsayin mai walda a ruwa kawai. Mai nutso suke ɗauka, walda ɗaya ce daga cikin abubuwan da ake so hannunsa ya iya. Shekarata tara a wannan aiki tsakanin Onne, Warri da Legas, kuma wallahi kwanakin da na riƙe sandar walda a ƙasan ruwa ba su kai ɗaya cikin goma na kwanakin nutsona ba. Yawancin aikin duba bututu ne, ɗaure noti, kankare ƙasan jirgi, cire igiya ko raga da ta naɗe farfela, haƙa laka da ruwa mai ƙarfi, yankan ƙarfe, da canza dunƙulen zinki ko alminiyom ɗin nan da ake maƙala wa ƙarfe don tsatsa ta ci su ta bar ƙarfen. Wannan na ƙarshen ma shi ne inda muka fi yin walda.

Don haka tambayar da za ka yi ita ce: ina zan samu takardar nutson aiki wadda kamfanonin mai suka yarda da ita? Akwai ƙungiya a Landan mai suna IMCA, ta 'yan kwangilar ayyukan teku. Ita ba ta ba mai nutso takarda, amma tana fitar da jerin takardun ƙasashen da ta amince da su, kuma da wannan jerin manyan kamfanoni suke aiki. A ciki akwai HSE ta Birtaniya, ADAS ta Ostireliya, DCBC ta Kanada, ta Norway, ta Faransa, da ta ma'aikatar ƙwadagon Afirka ta Kudu. Duk wanda ya ce maka zai ba ka "takardar IMCA" ta zama mai nutso, to ka riƙe aljihunka.

Ni Afirka ta Kudu na je, don ta fi sauƙin kuɗi, kuma 'yan Najeriya da yawa can suke bi. Tsarinsu hawa-hawa ne. Aji na 4 shi ne nutso da tulun iska a baya, zuwa mita 30. Aji na 3 ana turo maka iska daga sama ta tiyo, shi ma mita 30. Aji na 2 iska daga sama zuwa mita 50, kuma shi ne wanda ake nema a rijiyoyin mai na teku. Aji na 1 na masu zama cikin matsi ne, wato masu aikin zurfi sosai da ke yin kwanaki a rufaffen ɗaki mai matsin iska irin na ƙasan teku, wannan sai ka yi shekaru kana aiki. Daga aji na 4 zuwa na 2 kimanin wata uku na yi. Akwai makarantu a Durban da kuma yankin Cape, wajen Saldanha.

Mai Walda Dakata:
Ikon Allah. Yaya, ashe ni a baibai na ɗauki abin. To waldar da na iya ba ta da amfani ke nan?

Kawu Injiniya:
Tana da amfani ƙwarai, kuma a nan ne zan saɓa da Ɗan Ruwa kaɗan. Ni ban taɓa nutso ba, amma shekara ashirin da wani abu ina duba walda a ayyukan bututu, kuma na tsaya a kan baji sau da yawa ana walda a ƙasanmu. Abin da na gani shi ne, koya wa gwanin walda nutso ya fi sauƙi a kan koya wa gwanin nutso walda. Nutso wata uku ne, hannun walda shekaru ne.

Ɗana, ka fahimci cewa waldar ruwa iri biyu ce. Akwai jiƙaƙƙiya, wadda ka gani a bidiyo. Wani injiniyan Tarayyar Sobiyet mai suna Konstantin Khrenov ne ya fara nuna ta a 1932. Sandar walda ce irin taka, sai dai an shafe ta da abin da ke hana ruwa shiga, kuma kumfar iskar da ke tashi ita ke kare wutar. Matsalarta biyu. Ruwa yana sanyaya ƙarfen nan take, kamar maƙeri ya tsoma jan ƙarfe a kwatarniya, sai wurin ya yi tauri ya rasa danƙo. Sannan zafin wutar yana raba ruwa gida biyu, haidirojin ya shige cikin ɗinkin, daga baya ya tsage. Shi ya sa ba a cika yarda da ita a wurin da ke ɗauke da nauyi ko matsin mai ba.

Ta biyu busasshiya ce. Ana saukar da ɗaki na ƙarfe a kifa shi a kan bututun, a tura iska ta kori ruwan, masu walda su shiga su yi aiki a bushe amma cikin matsi. Nan ne kuɗin yake, kuma nan ba a saka kowa sai wanda ya riga ya ci jarrabawar waldar bututu a tudu. Akwai ƙa'idar Amurka mai suna AWS D3.6M da ta raba waldar ruwa zuwa aji A, B da O. Aji A shi ne wanda ingancinsa ya yi daidai da na tudu, kuma samun sa a jiƙaƙƙiyar walda abu ne mai wuya sosai.

Shawarata: ka fara neman 6G. Wato bututu a kafe, a karkace digiri 45, ka zagaye shi da ɗinki ba tare da an juya maka ba, a ɗauki hotonsa da na'ura a ga babu rami. Ka haɗa da argon, wanda ake ce wa TIG. Waldar get da ta bututun mai ba ɗaya ba ce, kada ka ji haushina. Akwai PTI, cibiyar horon aikin man fetur, a Effurun kusa da Warri, suna da sashen walda da fasahar ayyukan teku, akwai kuma Cibiyar Walda ta Najeriya a jihar Edo. Da 6G a hannunka, ko ba ka taɓa shiga ruwa ba za ka ci abinci.

Ɗan Ruwa:
Kawu, ban ƙi taka ba, amma akwai shekaru. Nutso aikin ƙuruciya ne. Yana da 24 yanzu. In ya yi shekara uku yana neman 6G da tara kuɗi, ya fito makarantar nutso yana 28, sannan ya yi shekara biyu yana riƙe wa wasu igiya kafin a fara saka shi ruwa sosai. Don kada ya ɗauka daga makaranta sai teku. Kowa da tenda yake farawa: kai ne mai sa wa mai nutso kwalkwali, kai ne mai riƙe cibiyarsa, wato damin tiyon iska da wayar magana da na auna zurfi, kai ne mai wanke kaya da naɗe su. Kuɗin tenda kuwa bai taka kara ya karya ba.

Kawu Injiniya:
To ai maganarka ce ta ƙarfafa tawa. A shekara biyun da yake tenda, da watannin da babu kwangila, me zai ci? Kai da kanka ka san akwai lokacin da za ku yi wata huɗu a gida ana jiran kira. Na ga masu nutso da takardu masu kyau suna zaman jiran waya a Fatakwal. Wanda yake da 6G a cikinsu, sai ya wuce yadin haɗa ƙarfe ya yi aikinsa har a kira shi.

Ɗan Ruwa:
Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Aikin na kwangila ne, ana biya da kwana. Wata ka samu da yawa, wata uku babu ko sisi. Maganar cewa na wata ya fi na shekara, masu zama cikin matsi ake nufi, kuma su 'yan kaɗan ne. Inda na tsaya kawai shi ne kada ya ja abin ya yi tsawo. Shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ta ishi mai hannu irin nasa ya ci 6G.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in katse ku. Duk kun tsallake matakin farko. Ƙanena, kafin ka biya kowa ko naira ɗaya, ka san ko jikinka zai yarda. Ka san rukunin jininka na gado? In kana da sikila, wato SS, maganar ta ƙare, babu likitan nutso da zai sa maka hannu. In AS ne, likitan ne zai duba ya yanke. Farfaɗiya tana hanawa. Asma da duk wani ciwon huhu, musamman wanda huhunsa ya taɓa sacewa, ko wanda tarin fuka ya bar masa tabo, abin dubawa ne sosai. Haka ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon suga mai allura, da hujin dodon kunne. Kai kuma shekara bakwai kana shaƙar hayaƙin walda, na san da yawanku ba ku sa komai a hanci. Ka je a yi maka hoton ƙirji da gwajin busa na huhu.

Kuma ba kowane likita ba ne yake ba da wannan takarda, sai wanda aka horar a kan lafiyar masu nutso, kuma duk shekara ake sabuntawa. Amma gwajin jini da hoton ƙirji za ka iya yi a Kano gobe, da kuɗi kaɗan. Abin da yake ci min rai shi ne yaro ya sayar da filin gado, ya isa wata ƙasa, a ranar farko likita ya ce bai dace ba.

Mai Walda Dakata:
Anti, na gode. Gaskiya ban taɓa gwada jinin ba. Zan je in sha Allahu.

Wanda Ya Gani:
Ni bari in ba ku nawa labarin, don kada wani ya faɗa inda na faɗa. Shekara uku da suka wuce wani ya haɗa ni da wata "makaranta" a Legas. Na sayar da babur ɗina, yayana ya cika min. Sati biyu muka yi, yawanci a kwamin wanka na otal, sau biyu aka kai mu bakin teku. Tulun iska kawai muka goya, ban taɓa sa kwalkwali ba, ban ga ɗakin matsi ba ko da ido. Ranar ƙarshe aka ba mu sandar walda muka ɗan tsattsaga wuta a cikin tanki, aka ɗauke mu hoto, aka ba mu takarda mai tambari na zinariya. Da na kai ta wani kamfani, mutumin ya duba ya ce wannan ta masu nutson yawon buɗe ido ce, ta kallon kifi. Na fito na zauna a bakin titi na fi awa ɗaya, ban san abin da zan gaya wa yayana ba. Har yau ban gama biyansa ba.

Shugaban Zaure:
Innalillahi. Allah Ya mayar maka da alheri. Mun gode da ka faɗa, ba kowa ne zai iya ba.

Ɗan Ruwa:
Allah Ya musanya, ɗan'uwa. Irin wannan na gani ya fi a ƙirga. Alama ta farko ita ce ɗakin matsi. Duk makarantar da ke koyar da nutso mai zurfi kuma ba ta da shi a wurin, ba makaranta ba ce.

Bari in yi wa ƙanenmu bayanin dalili. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. A mita 30 ninki huɗu ne. Iskar da muke shaƙa yawancinta naitirojin ce, a cikin matsi sai ta narke ta shiga jini da tsoka. In ka taso da sauri, sai ta fito kumfa-kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo. In ta tsaya a gaɓa, ciwo ne mai tsanani. In ta tsaya a laka ko ƙwaƙwalwa, shanyewar jiki ce ko mutuwa. Maganinta ɗaya: a mayar da kai cikin matsi a wannan ɗakin, a ba ka oksijin, a sassauta a hankali. Rabin karatun makaranta a kan wannan yake, da jadawalin da ke gaya maka minti nawa za ka yi a zurfi kaza da inda za ka tsaya a hanyar tasowa. Akwai lissafi, akwai Turanci. In karatunka ya yi sanyi, ka fara ɗumama shi tun yanzu.

Daga wajen mita 30 kuma naitirojin tana fara bugar da mutum kamar maye. Shi ya sa ba a wuce mita 50 da iska ta yau da kullum a aikin teku. In za a wuce, sai a haɗa hiliyom da oksijin, mutane su zauna a cikin ɗakin matsi a kan jirgi har kwana 28, ana saukar da su a cikin ƙararrawar ƙarfe su yi aiki a dawo da su. Sassautawar ƙarshe kaɗai kwanaki take ci.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake bin zancen, kuma ina so in ƙara wa 'yan'uwa masu Faransanci. Mu ba mu da teku, amma ƙanen matata yana wannan aiki a Kwatano da Abijan. Hanyar Faransa ya bi. Can ana ce wa mai aikin scaphandrier, kuma takardar tana da aji da harafi. Harafin A shi ne na masu aikin gini da ƙarfe a ruwa, aji na 2 kuma zuwa mita 50, daidai da wanda Ɗan Ruwa ya faɗa. Akwai INPP a Marseille, tsohuwar makaranta ce sananniya, akwai wata kuma a Fréjus. Tsada kam akwai ta, ga wahalar biza. Amma wanda ya samu, tashoshin Kwatano, Lome, Abijan, Duwala da Kribi duk suna buƙatar masu nutso. Bututun man Nijar ma ai a gaɓar Benin ya ƙare, a Seme, kuma a cikin teku ake loda wa jirage.

Mai Walda Dakata:
To Amurka da Ingila fa? Na ga tallan makarantunsu da yawa a intanet.

Ɗan Ruwa:
Suna nan. A Amurka akwai Divers Institute of Technology a Seattle, wata bakwai ake yi, da The Ocean Corporation a Houston. Suna ba walda da yanka lokaci fiye da gajerun kwasa-kwasai, amma kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 20,000, ban da masauki da abinci. Kuma ka tambaya da kyau wace takarda za ka fito da ita, don katin da ake aiki da shi a cikin Amurka ba lallai ne ya wadatar a nan ba. A Birtaniya akwai makaranta a Dunoon ta Sikotilan da wata a Cornwall. In ka bi ta HSE, ka tabbata ka haɗa da ƙarin kwas ɗin da ke ba da izinin aiki a rijiyoyin teku, in ba haka ba iyakarka tashar jirgi da kogi. Akwai wata babba a Fort William da ta horar da mutane masu yawa, amma ta rufe a 2018, har yanzu za ka ga sunanta a tsofaffin shafuka. Norway ma akwai makarantar NYD kusa da Oslo.

Bayan takardar nutso akwai ƙananan da dole ka yi kafin ka hau jirgi mai saukar ungulu zuwa teku, musamman BOSIET, horon kare kai da tsira a teku. Ana yin sa a nan Najeriya, kwana uku ne, kuma yana shekara huɗu. A nan ne ake sa ka cikin gangar jirgi a kifa ta a ruwa, ka kwance bel ka fita ta taga.

Kawu Injiniya:
Ƙari a kan wannan, don ina son yaron ya ga gaba. In ka shiga, kada ka tsaya a walda. Ka nemi CSWIP 3.1U, daga baya 3.2U, takardun duba lafiyar ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. Aikin dubawa ba ya ƙarewa, don doka ta tilasta wa kamfanoni su riƙa yi. Kuma ka sani rijiyoyi masu zurfi irin Bonga, da ke cikin ruwa sama da mita 1,000, mutum ba ya zuwa ƙasansu, na'ura mai kyamara da hannuwa ake turawa. Aikin mai nutso yana wuraren da ba su da zurfi sosai: Escravos, Forcados, Bonny, tashoshin Apapa da Onne.

Uwar Yara:
Ni dai tun ɗazu ina karantawa gabana na faɗuwa. Wuta da ruwa a wuri ɗaya? Mu da ake hana mu taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu? Ɗana, mahaifiyarka ta san da wannan magana?

Ɗan Ruwa:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Ba irin wutar gida ake amfani da ita ba. Wutar gida mai kai-da-komo ce, tana ƙanƙame tsoka, an hana ta a ruwa. Da DC ake yi, wato wuta mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. Kuma akwai makunni a sama a hannun mutum guda, wayar a mace take har sai na daidaita sandar na ce a kunna, in na gama in ce a kashe kafin in canza sanda. Ana sa safar roba, kuma ba ka taɓa shiga tsakanin sandar da wayar da aka maƙala a jikin ƙarfen. Duk da haka kana jin ɗan tsikari, wani lokaci har ɗanɗanon ƙarfe a baki in kana da cikon haƙori.

Amma in gaya miki gaskiya, ba wutar ce ta fi ba mu tsoro ba. Na farko yanka ne. Sandar yanka tana ci da oksijin, zafinta ya haura digiri 5,000, kuma iskar da ke fita tana iya taruwa a wani lungu na ƙarfen ta fashe. Dole a huda mata hanyar fita kafin a fara. Na biyu, wanda ya fi duka, shi ne zuƙa. Duk inda ruwa mai nauyi ya samu ƙofa zuwa wurin da ba shi da nauyi, zai ja duk abin da ke kusa, kuma ba ka ganin sa. A watan Fabrairun 2022 a ƙasar Trinidad, masu nutso biyar suna aiki a irin ɗakin da Kawu ya faɗa, aka cire toshiyar bututu mai faɗin inci 30, ya zuƙe su gaba ɗaya. Mutum ɗaya ne ya fito da rai. Wannan haɗarin ya fi yawa a madatsun ruwa, don haka wanda zai yi aiki a irin Kainji, Jebba, Shiroro ko Tiga ya fi kowa buƙatar sanin sa. Ni mutumin Yawuri ne, na taso cikin Sarkawa masu nutso da numfashinsu kawai, gwanaye ne na gaske. Amma in aka kira irinsu su cire wani abu a bakin ƙofar dam ba tare da an rufe an kulle ba, gwaninta ba ta ceto.

Uwar Yara:
Allah Ya tsare ku. Ni dai da ɗana ne, sai na ce ya tsaya a ta Kawu.

Anti Nas:
Hajiya, tsoron yana da dalili, amma horo na gaske shi ne yake rage shi. Ku tuna Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon 4 da ya kife a gaɓar Escravos a watan Mayun 2013. Kusan awa 60 ya yi a ɗan wurin da iska ta maƙale, a zurfin mita 30. Masu nutson da suka je ɗauko gawa ne suka same shi da rai. Da sun fito da shi kai tsaye da ya mutu, don jikinsa ya riga ya cika da naitirojin. Sai suka sa shi a ƙararrawa, daga nan ɗakin matsi na kwanaki. Ilimin da ake biya a koya ke nan. Shi kansa daga baya ya je ya koyi nutson ya zama sana'arsa.

Mai Walda Dakata:
Hajiya, ban gaya mata ba tukuna, amma ba zan yi komai ba sai da izininta. Yaya Ɗan Ruwa, yaya kuke yi da salla da azumi a can?

Ɗan Ruwa:
Salla ba ta gagara. Awa 12 ake yi a bakin aiki, amma nutson kansa awa ɗaya ne zuwa uku, ya danganta da zurfi. Azumi ne mai nauyi, don ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfar nan. Ni nakan nemi a sa ni aikin dare a watan, ko in daidaita hutuna da shi. Ranar da ya zama dole in shiga da rana, na tambayi malamina tun kafin in fara, kai ma ka tambayi naka. Abu ɗaya dai, kada ka ɓoye wa shugaban nutso cewa kana azumi.

Wanda Ya Gani:
Babu tallafin gwamnati ne a wannan harka? Don kuɗin nan ba na talaka ba ne.

Kawu Injiniya:
Akwai hukumar NCDMB da ke Yenagoa, wadda dokar 2010 ta kafa don 'yan ƙasa su samu gurbi a harkar mai. Tana ɗaukar nauyin horo lokaci-lokaci, kuma daga rumbunta na NOGIC JQS take zaɓo mutane. Ku yi rajista da kanku, kada ku ba wani kuɗi ya yi muku. 'Yan Arewa ba mu cika shiga ba, sai an gama mu ji labari. Akwai PTDF ma, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ku riƙa duba sanarwarsu. Sannan tun 2018 Najeriya tana da dokar aikin nutso a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, don haka kana da damar tambayar kowace makaranta ta gida matsayinta a wurin hukuma.

Mai Walda Dakata:
Salam 'yan zaure, na dawo bayan kwana tara. Na yi gwajin, jinina AA ne, hoton ƙirji ma an ce lafiya, alhamdu lillahi. Na zauna da Inna, ta yi shiru da daɗewa, sannan ta ce in fara ta tudun tukuna ta gani. Don haka bayan salla zan tafi neman 6G, maigidana ya ce zai riƙe min wurina. Na kuma samu mai koya min iyo na sosai, ranar Asabar da Lahadi. Yaya, in lokacin ya zo, me zan tambayi makarantar nutso kafin in biya?

Ɗan Ruwa:
Madalla, ƙanena. Ka ce su rubuto maka ainihin sunan takardar da hukumar da ke ba da ita, ka duba da idonka a jerin IMCA, sannan ka duba sunan makarantar a shafin ita hukumar. Ka tambaya ko ɗakin matsi yana wurin, da minti nawa za ka yi a ƙasan ruwa kafin ka gama, kuma a wane zurfi, don duk za a rubuta a littafin nutsonka, shi kamfani zai fara buɗewa. Ka tambayi awa nawa ne na walda da yanka, kuma kuɗin ya haɗa da masauki da kaya ko a'a. Ka nemi lambar mutum biyu da suka gama bara ka kira su. Kuɗi kuma asusun makaranta za ka tura, ba na dillali ba.

Wajen iyon, ka ce ya koya maka tsayawa wuri ɗaya a ruwa mai zurfi na minti goma, da nutsewa ido a rufe kana lalube. A Warri da Bonny sau da yawa ko tafin hannunka ba ka gani, da yatsa ake gane noti.

Kawu Injiniya:
In ka fara 6G ɗin, ka turo min hoton ɗinkinka na farko, ciki da waje, kafin ka goge shi da gurandin.